Wane Bututu Zan Sa wa Bindigar Farauta? Amsa ga Ƙanena na Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce kai ɗan ƙasar Saudiyya ne, kana zaune a Jidda, ka daɗe kana harbin tsuntsu da saktun, wato bindigar iska, idan an buɗe lokacin farauta, yanzu kuma abokai sun ja ra'ayinka zuwa Namibiya baɗi, neman mariri da kanki da kudu, wata babbar dabbar dawa mai murɗaɗɗun ƙahoni. Kana son a haɗa maka bindiga taka ta kanka maimakon ta kanti. Idonka ya faɗa kan bututun kabon mai tsawon inci 26, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin harsashin 6.5 Creedmoor da na .300 Winchester Magnum. Sannan ka rufe da tambaya: bututun wane kamfani ya fi?

To, ka kama tafiyar daga wutsiya. Sunan kamfanin bututu kusan shi ne abu na ƙarshe da ake yanke shawara a kansa, kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri a kan ko za ka dawo da nama ko za ka dawo da labari. Ana farawa daga dabbar da nisan da za a harbe ta. Dabba ce ke zaɓar harsashi, harsashi ya zaɓi murɗin cikin bututu da tsawonsa, ƙafarka da kafaɗarka su zaɓi nauyi.

Amma kafin nan, ka duba irin rayuwar da wannan bindiga za ta yi. A nan Saudiyya ba za ka ɗaga ta a kan babbar dabba ba. Mariri da barewa da akuyar dutse duk suna ƙarƙashin kariya, Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce ke faɗin tsuntsayen da aka yarda a harba da lokacinsu, izinin kuma ta manhajar Fitri ake karɓa, ka fi ni sani. Ko shozan, bindigar nan mai watsa ƙananan dalma, an hana farauta da ita. Tarar kashe damisar Larabawa riyal 400,000 ce. Ba haka kawai aka tsaurara ba: motoci da bindigogi ne suka ƙarar da maririn Larabawa daga daji a 1972, sai da aka yi kiwonsa a killace aka dawo da shi wurare irin su Mahazat as-Sayd da ke gabas da Ɗa'if da Uruƙ Bani Ma'arid a bakin Rub'ul Khali. Mu da muka tashi a Makka kuwa tun muna yara mun san ko tantabarar Harami ba a kora, balle harbi. Ke nan bindigarka za ta yi wata goma sha ɗaya da rabi tsakanin kabad a Jidda da filin gwajin harbi, ta yi mako biyu tsakanin cikin jirgi, bayan mota, ƙura da ƙaya. Ka riƙe wannan lissafin, domin zai yanke mana hukunci a wurare da yawa a gaba.

Abu na biyu, bututu da uwar bindiga, wato jikin ƙarfen da bututu da sakata da kunama ke haɗuwa, ba kayan da ake saya a intanet a aiko maka ta masinja ba ne. Makami ne a idon doka, a nan da can. Amurka ba ta barin bututu ya fita sai da lasisin fitarwa, nan kuma shigo da shi aikin dillalin da Ma'aikatar Cikin Gida ta ba izini ne. Hanya mai tsabta ita ce maƙerin bindiga mai lasisi ya haɗa ta cif a can inda yake, da lambarta a jikinta, ta shigo ta hannun dillali, a rubuta ta da sunanka. Idan a Turai aka haɗa ta, a ƙasashe da dama sai ta bi ta gidan gwaji, irin na Birmingham ko Ulm ko Ferlach, an harba ta da harsashi mai matsin da ya zarce na yau da kullum, an buga mata hatimi. Wannan hatimin ya fi mini kowane suna da aka zana a jikin bututu. Ka je baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, ka ɗauki bindigogi da hannunka, ka yi magana da dillalan ido da ido. Mai iƙama, wato baƙo mai izinin zama, da ke karanta wannan kuwa, kada ya gina lissafinsa a kan maganarmu. Shi hanyarsa ita ce hayar bindiga a sansanin farautar, kuma mafi yawan sansanonin Namibiya da Afirka ta Kudu suna bayarwa.

Yanzu girman harsashi, abin da ake ce wa iyar a nan.

6.5 Creedmoor harsashi ne mai kyau, ban raina shi ba. Kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 don masu gasar harbin nesa, ba ya dukan kafaɗa, iska ba ta cika karkatar da shi ba. Sai dai ƙa'idar da ƙungiyar ƙwararrun mafarautan Namibiya ke bai wa baƙi ita ce kada faɗin harsashi ya gaza milimita 7, ƙarfinsa a bakin bindiga kuma ya kai jul 1,350 ga ƙananan dabbobi irin gada, 2,700 ga su mariri da kudu da kanki, 5,400 ga ɓauna da giwa. Shida da rabi bai kai bakwai ba. Kada ka kashe dukiya ka haɗa bindigar da za a tsaya ana gardama a kanta ranar da ka sauka.

Shi kuwa .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, ya wuce ƙa'ida har da rara. Matsalarsa kai ne. Mutumin da ya saba da saktun, wadda ko motsi ba ta yi a kafaɗa, idan aka ɗora masa magnum, harbi goma sun isa su koya masa runtse ido kafin ya ja kunama. Shi bai san yana yi ba. Na sha gwada wannan a filin harbi: in karɓi bindigar mutum in juya baya kamar ina sa mata harsashi, in miƙa masa ita wayam. Ya saita, ya ja, sai ka ji ƙaras, bakin bindigar ya dunguri ƙasa da kusan taƙi guda, idonsa a rufe. Sai ya kalle ni yana dariyar kunya. Wannan ɗabi'ar shigarta sauƙi gare ta, fitarta sai an yi watanni.

Da ni ne kai, .30-06 zan ɗauka, in ba shi ba .308 Winchester. Na farkon tun 1906 yake aiki, na biyun tun 1952. Da kan harsashi mai nauyin giren 180, wato giram 11.7, .30-06 yana fita da gudun kusan mita 820 a sakan, ƙarfinsa ya doshi jul 3,900. Wannan ya isa duk abin da ka lissafa, har da iland, wanda namijinsa kan haura kilo 600, in an sa masa a inda ya dace. Kuma ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa: ranar da akwatin harsasanka ya maƙale a wani filin jirgi, ka sauka Windhoek da bindiga ba abinci, kowane kantin farauta a garin yana da .30-06 da .308 a kan kanta. Mai son tsohon yayi yana iya ɗaukar 7x57 na Mauser, wanda ya girmi su duka, tun 1892, kuma ya kashe naman Afirka fiye da yadda za a ƙirga. In wata rana zuciyarka ta raya maka ɓauna, wannan wata bindiga ce daban, .375 H&H, kada ka nemi guda ɗaya ta yi maka aikin biyu.

Kan harsashin kansa ya fi iyar muhimmanci, kuma a nan addini da sana'a bakinsu ɗaya. Ka tuna hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da mi'irad, wata kibiya mai kama da sanda: abin da ya huda a ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kada a ci. Malaman baya da suka halatta naman bindiga sun dogara ne da cewa harsashi yana hudawa ya zubar da jini, tare da ambaton sunan Allah lokacin harbi, kuma in ka tarar da dabba da sauran rai ka yanka. To mariri dabba ce mai taurin rai, huhunta da zuciyarta suna gaba-gaba, a ɓoye tsakanin kafaɗu, sai harsashi ya fasa ƙashi kafin ya kai. Kan harsashin gasa mai siririyar riga yakan tarwatse a kan kafaɗa, ya bar dabba ta tafi da ciwo ta mutu a inda ba mai yanka ta. Ka nemi wanda aka yi don ya buɗe kamar lema amma ya riƙe jikinsa: Nosler Partition, Swift A-Frame, Norma Oryx, ko na jan ƙarfe zalla irin Barnes TSX.

Daga nan ne maganar bututu ta fara, domin kan harsashin da ka zaɓa shi zai faɗi murɗi. Idan ka leƙa cikin bututu ta wajen haske za ka ga tsagogi sun murɗa kamar igiya. Su ke juya harsashi don ya tafi da kai gaba, kamar yadda katantanwar yara ke tsayawa a kan tsininta muddin tana juyi. In an ce murɗi 1:10, ana nufin harsashi na kammala juyi ɗaya a cikin inci 10 na tafiya. A gudun da na faɗa, wannan ya haura juyi 3,200 a sakan ɗaya. Abin da mutane ke kuskure shi ne suna zaton nauyin harsashi ne ke neman murɗi mai sauri, alhali tsawonsa ne. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka kan harsashin jan ƙarfe mai giren 180 ya fi na dalma mai giren 180 tsawo, kuma ya fi shi buƙatar juyi. Remington sun sha wannan darasi da kuɗinsu. A 1955 suka fito da .244 da murɗin 1:12, a shekarar da Winchester suka fito da .243 da murɗin 1:10. Na Remington ya kasa riƙe dogon kan harsashi mai giren 100 da masu farautar barewa ke so, kasuwa ta koma wajen Winchester, har sai da suka ƙara murɗin suka sauya masa suna zuwa 6mm Remington a 1963, amma an riga an yi musu nisa. A .30-06 ka ce a yi maka 1:10, shi ke nan, zai riƙe komai daga giren 150 zuwa 220. A .308 za a yi maka tayin 1:12 ko 1:11. Ka ce 1:10, don ka bar wa kanka ƙofar jan ƙarfe a buɗe.

Tsawo. Inci 26 santimita 66 ne, kuma magnum ne ke buƙatarsa don ya ƙone tulin albarushin da ke cikinsa. .30-06 inci 22 zuwa 24 ya ishe shi, .308 kuwa 20 zuwa 22. Duk incin da ka yanke, abin da za ka rasa a gudu bai wuce mita 6 zuwa 9 a sakan ba. Babu maririn da zai gane bambancin a mita 200. Kai kuwa za ka gane bambancin inci huɗu duk lokacin da za ka sauko daga bayan mota, duk lokacin da ka sunkuya ƙarƙashin ƙaya bakin bindiga ya kamo reshe. Kuma tsawo ba ya ƙara daidaiton harbi. Gajeren bututu ma ya fi dogo tauri in kaurinsu ɗaya.

Kauri kuwa, a nan na taɓa cin tuwon wauta, bari in ba ka labari. Bindigata ta farko da aka haɗa mini, na nace sai an sa mata bututu mai kauri irin na 'yan gasa, don na ga yana tara harsashi biyar a rami guda. Maƙerin ya yi mini magana sau ɗaya, ya ga na kafe, ya yi shiru ya karɓi kuɗinsa. Da madubi da komai ta haura kilo biyar da rabi. A kan tebur a Riyad, sarauniya ce. Rana ta uku a daji, bayan mun bi sawun kudu tun hantsi har azahar a kan duwatsu, aka kafa mini sandunan harbi, na ɗora ta, sai na ga alamar saitin tana yawo a jikin dabbar kamar ƙuda a kan tuwo. Hannuna rawa yake, numfashina ya ƙi kwanciya. Mai bin sawun, wani siririn dattijo da tun safe yake satar kallon bindigar, ya miƙo hannu ba tare da ya ce uffan ba, ya karɓe ta ya rataya a kafaɗarsa muka ci gaba. Kudun kuwa ya yi gaba abinsa.

Kaurin bututu amfaninsa shi ne jure zafi in ana harbi a jere, goma, ashirin. Mafarauci harbi ɗaya yake yi daga bututu mai sanyi, wani lokaci ya bi da na biyu. Saboda haka tambayar da za ka yi wa bindigar farauta ita ce: harbin farko na yau, da na farko na gobe, da na farko na jibi, wuri ɗaya suke sauka? Matsakaicin kauri irin na farauta ya isa wannan. Ka nufi kilo 3.8 zuwa 4.2 da madubi da maratayi. Ƙasa da haka .30-06 zai fara cizo, sama da haka kai za ka fara haki. Bututun kabon da ya burge ka siririn bututun ƙarfe ne aka naɗe da zaren kabon, irin wanda Proof Research ke yi a Montana. Yana ba ka kauri ba tare da nauyi ba, yana da kyan gani, kuɗinsa kan kai ninki biyu na na ƙarfe. Bai fi siririn bututun ƙarfe mai kyau sauƙin ɗauka ba, bai kuma fi shi saiti ba. In kuɗin na damunka a aljihu, ka saya, ba haramun ba ne. Ni dai madubi zan ƙara wa.

Irin ƙarfen kuwa, a nan Jidda ce za ta yi magana. Iri biyu ne a kasuwa: ƙarfen kurom-moli, wanda ake kira 4140, shi ake rinawa ya yi baƙin shuɗi mai sheƙi, da kuma sitenles, 416R. A Riyad, inda iska ta bushe ƙamas, kurom-moli zai shekara ba ka ga ɗigon tsatsa ba. A Jidda, da raɓar teku da gishirin da ke cikin iska, ka taɓa bututu da hannu mai gumi ka mayar kabad, bayan mako biyu za ka tarar da zanen yatsanka ja wur a jiki, kamar an ɗauke maka shi a ofishin fasfo. Ga kuma na'urar sanyaya ɗaki: ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin zafin waje, nan take ya yi gumi, ciki da waje. Don haka sitenles, a kuma shafe shi da Cerakote, wani fenti mai tauri da ake gasawa, mai launin ƙasa ko toka don kada ya yi walƙiya a rana. Amma kada sunan ya ruɗe ka, 416R ma yana tsatsa, jinkiri kawai yake yi. Ka sa abin tsotse danshi a kabad, kada ka adana ta cikin jakar soso, ka riƙa zura mata tsumma mai ɗan mai duk wata. Kafin ka fita farauta kuma ka goge man nan tas, daga bututu da sakata. Mai da rairayi in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa.

Sai tambayarka ta asali, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Hanya uku ake yin tsagogin nan. Akwai yanka su ɗaya bayan ɗaya, irin aikin Krieger da Bartlein a Wisconsin. Akwai tura wani ɗan ƙarfe mai tsananin tauri ta cikin ramin ya bar zanensa, irin na Shilen da Lilja a Amurka da Lothar Walther a Jamus. Akwai kuma dukan bututu da guduma a kan sanda mai zanen, irin na Sako da Tikka a Finland da Steyr a Ostiriya. 'Yan gasa suna iya kwana suna musu a kan wannan. Duk waɗanda na ambata suna iya tara harbi uku cikin santimita 3 a mita 100, alhali inda kake nema a jikin mariri ya kai faɗin faranti. Ka bar maƙerin ya ɗauki wanda hannunsa ya saba da shi. Abin da ke raba bindiga mai kyau da ta banza aikinsa ne: ya yanke mazaunin harsashi daidai tsakiyar rami, ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin kwanso da ma'auninta, ya gyara leɓen bakin bututu sumul. Bututun zinariya a hannun maƙeri mai gaggawa bututun famfo ne. Batun ƙarewa kuma kada ya hana ka barci. Bututun .308 ko .30-06 yakan kai harbi dubu huɗu zuwa biyar kafin maƙogwaronsa ya cinye, magnum kuwa wani lokaci bai kai rabin haka ba. Mai harbi ɗari biyu a shekara, sai dai ɗansa ya sauya.

Abu ɗaya zan roƙe ka: kada a sa maka birkin baki, wancan mai ramuka da ke rage dukan kafaɗa. Yana ragewa da gaske, amma ƙarar yake watsawa gefe, daidai inda jagoranka da mai bin sawu suke tsaye ba toshiyar kunne. A ƙasa mai rairayi kuma, in ka harba a kwance, sai ya tayar maka da ƙura ka kasa ganin inda dabbar ta nufa.

Uwar bindiga gida biyu ce. Gidan Mauser 98, ƙirar 1898, da 'ya'yansa irin Winchester Model 70 da CZ 550, suna da wani dogon farce a gefen sakata da ke cafke gindin kwanso tun daga fitowarsa har fitar da shi. Akwai ɗan sarari a jikinsu, shi ya sa ƙura ba ta cika shaƙe su ba, kuma shi ya sa tsofaffin mafarautan Afirka ba sa yarda da wani abu in ana batun dabba mai kashe mutum. Ɗaya gidan shi ne na Remington 700, na 1962, wanda sakatarsa ke tura harsashi gaba kawai; kusan duk ƙota da kunama da kujerar madubi da ake sayarwa a duniya akwai mai shiga jikinsa, kuma yawancin uwayen da ƙananan kamfanoni ke yi a yau a kan ma'auninsa suke. Ga mariri da kudu, kowanne ya yi. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne uwayen gasa masu matsewa ƙam, waɗanda sakatarsu ke tafiya kamar a cikin man shanu a kanti. Ƙwayar rairayi uku ta isa ta tsayar da su. Kuma ka tabbata makullin tsaron yana kulle sakata ita ma, don kada reshe ya ɗaga maka hannunta kana tafiya ba ka sani ba.

Kunama: Timney ko TriggerTech, a saita ta tsakanin kilo 1.2 da 1.5. Kada ka bari wani ya rage maka ita zuwa ta 'yan gasa mai tashi da numfashi. Yatsan da ya yi sanyi da asuba, ko zuciyar da ke bugawa kamar kalangu, ba su san giram ɗari uku ba.

Ƙota kuwa, zuciyata na wajen katakon bishiyar walnut ta Turkiyya, mai zane kamar hayaƙi, amma hankalina ba ya can. Katako yana numfashi. Wanda aka sassaƙa a danshin Turai, ya zo ya sha raɓar Jidda ya kumbura, sannan ya je busasshen hunturun Namibiya ya tsuke, ba zai bar saitinka wuri ɗaya ba. Tawa ta irin wannan katako, shekararta ta farko a Riyad, sai da kusoshinta biyu suka yi sako-sako har ina juya su da farce. Ka ɗauki ta zaren gilas ko kabon, irin na McMillan ko Manners, a kafa ginshiƙan alminiyam inda kusoshi ke bi, a yi wa uwar shimfiɗa daidai jikinta, a bar bututu yana lilo bai taɓa komai ba. Gwajin ba wuya: ka ɗauki takardar riyal biyar, ka naɗa ta ƙarƙashin bututu, ka ja ta daga baki har gindi. In ta wuce salin-alin, madalla. In ta tsaya a hanya, wurin nan katako ko roba na taɓa ƙarfe, kuma ranar da zafi ya sauya, harbinka zai sauya.

A madubin saiti, darbil kamar yadda ake cewa a nan, kada ka yi rowa, kada kuma ka yi haɗama. Mai ƙara girma daga 2 zuwa 10, ko 3 zuwa 9, mai gilashin gaba milimita 40 ko 42, daga Zeiss ko Swarovski ko Leupold. Manyan nan masu kai 25 da ƙusoshin murɗawa kamar rediyo nauyi ne kawai. Yawancin harbinka zai faɗo tsakanin mita 80 da 250, a tsaye, a kan sanduna. Ka bar shi a kan 4 kana tafiya. Zobban da ke riƙe shi su zama na ƙarfe mai kyau, domin ma'aikatan kaya a filin jirgi ba su san kuɗinsa ba. Kana isa sansani, kafin komai, ka harba uku a takarda.

Zan faɗa maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Tikka T3x ta kanti, sitenles, a .30-06, kamfanin ya yi alkawarin za ta tara harbi uku cikin kusan santimita 3 a mita 100, kuma tana cikawa. Da abin da za ka kashe a haɗin nan, za ka saye ta, ka sa mata madubi na gaske, ka sayi harsashi ɗari biyar ka ƙone a fili, a tsaye a kan sanduna, har da canji. Kuma haɗin yakan ci watanni da yawa kafin ma a fara maganar takardun shigowa, baɗi kuwa ba nisa. Dalilin haɗa bindiga da na yarda da shi guda ne: ta zauna a jikinka. In kai bahago ne, ko dogo ne sosai, ko gajere, ko kana ɗaga ta kanti sai ka yi ta laluben madubi da ido, to a nan kuɗin ya halatta. Bindigar da aka yi don kai, in ka rufe ido ka ɗaga ta ka buɗe, sai ka tarar da alamar saiti tana jiranka.

Harsasai kuma, kilo 5 ne iyakar abin da jiragen sama ke yarda fasinja ya ɗauka, a cikin kwalinsu. Kada ka bar su a gaban mota a rana, nan ko can. Albarushi mai zafi matsinsa hawa yake. Alamar ita ce ka harba sakata ta ƙi ɗaguwa sai da duka. In ka ga haka, ka dakata, ka sa su a inuwa.

In ka tsaya a kan sai an haɗa, to ga abin da za ka rubuta wa maƙerin: .30-06, sitenles mai Cerakote, inci 22, murɗi 1:10, matsakaicin kauri, ba birki, ƙotar roba mai ginshiƙai, ka kuma gaya masa ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi don ya gwada ta da shi, ya aiko maka da takardar da ya harba. Zai tambaye ka tsawon ƙota daga kunama zuwa kafaɗa. Na kanti yawanci santimita 34 zuwa 35 ne. Kada a auna ka cikin tob, doguwar rigar nan tamu. Lokacin da aka fi zuwa farautar can, Mayu zuwa Agusta, hunturunsu ne, da asuba sanyi kan kai ga daskarar da ruwa, kuma riga biyu da jaket za su ci maka fiye da santimita guda. Ka sa jaket ɗin da za ka tafi da shi, ko da masu kantin za su yi maka kallon wanda zazzaɓi ya kama a tsakiyar Jidda.